Akwati a Gaban Kowane Suna

Bayan ambaliyar da ta auka wa garin Gummi a daminar 2024, wani matashi da muke aiki tare ya kira ni da daddare, muryarsa ba yadda na saba jinta ba. Shi ne ke naɗo mini hira a can idan hanya ta hana ni zuwa, kuma a hannunsa kwafi na biyu na ma'ajiyata yake, cikin filash guda ɗaya. "Malam," in ji shi, "filash ɗin ga ya kamu da cuta. Kowane suna da akwati gabanai. Mai shago ya ce in kawo shi gobe a wanke." Wanki a bakin masu shagon kwamfuta shi ne fomatin, wato a share komai a mayar da abin fanko.

Abin da ke cikin filash ɗin aikin shekaru ne. Akwai hirarraki da iyaye mata a Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka da 'Yargalma da ke Bukkuyum, waɗanda gubar dalma ta raba da 'ya'yansu. Annobar da likitocin MSF suka gano a 2010 ta kashe yara fiye da 400, lokacin ina ɗalibi, kuma sai bayan shekaru na samu zama da waɗanda suka ga abin da idonsu. Akwai muryoyin waɗanda suka tsira daga hare-haren farkon Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Akwai kuma sababbin hotunan ambaliya da shi kansa ya ɗauka, waɗanda a lokacin babu kwafinsu a ko'ina sai nan.

Babu wata cuta da ta kama filash ɗin, laifin nawa ne. Watanni kafin nan na tura masa ɗan fayil ɗin da na tsara kwamfutata da shi, na ce ya ajiye a tasa, ya kuma sauke wata manhaja mai suna lsd. A daren ne karo na farko da na nemi ya buɗe tagar umarni ya buga mini jerin abin da ke cikin ma'ajiyar. A kwamfutata, manhajar kan ɗora ɗan hoto a gaban kowane suna: hoton folda a gaban folda, alamar sauti a gaban muryar da aka naɗa. A tasa tsohuwar kwamfutar, wurin kowane hoto sai ga akwati fanko. Mutumin da ya sha ganin bairos ya mayar da foldojin mutane abin da ba a gane ba a shagunan buga takardu, me zai ɗauka? Da bai kira ni ba, da kwalliyar da na ɗora masa ta cinye hotunan ambaliyar.

Tun daga ranar na kashe hotunan a duk na'urar da nake taɓawa. Ra'ayina kuma ya wuce ni kaɗai: duk manhajar da aikinta jera sunayen fayiloli ne, kamata ya yi ta zo da hotunan a kashe, wanda ke so ya kunna da hannunsa. Duk mai koyar da wani kuma, musamman a wurare irin namu, kada ya miƙa wa ɗalibi tsarin da sai an cika wani sharaɗin da ba a faɗa masa ba sannan zai karantu. Na san maganar tana kama da ƙaramar magana, amma a ba ni dama in warware ta.

Ga wanda bai saba ba, tagar umarni ita ce baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta abin da ake so da haruffa maimakon latsa hotuna. Daga cikin tsofaffin umarnin da ake bayarwa a nan akwai `tree`, wato bishiya, wanda ke zana foldoji da abin da ke cikinsu kamar rassa. Yana nan a Windows tun zamanin DOS, yana nan a Linux. Ga ɗan yanki na tawa ma'ajiyar yadda yake fito da ita:

```
yammacin-zamfara/
|-- anka/
|   |-- bagega-hira-01.mp3
|   `-- ƙididdiga.txt
|-- bukkuyum/
|   `-- yargalma-hira-03.mp3
`-- gummi/
    `-- ambaliya-2024/
```

Ga ɗan jarida, wannan jerin shi ne rajistar kaya. Da shi nake sanin abin da nake da shi da abin da ya ɓace, da shi nake kwatanta kwafin da ke hannuna da wanda ke Gummi, kuma ana iya tura shi ta saƙon waya ko a buga a takarda a ajiye a aljihu.

A 'yan shekarun nan an samu sababbin manhajoji da ke yin wannan aiki da ƙarin ado. Akwai exa ta Benjamin Sago, wadda aka daina kula da ita, wasu suka ɗauki ragamarta a 2023 da sunan eza. Akwai lsd, wadda ita ce ta jawo mana abin da ya faru. Suna da sauri, suna da launi, kuma suna iya sa 'yan hotunan nan. Af, masu fassarar na'ura kan kira hotunan "gumaka", fassarar da ba ta yi wa kunnen Bahaushe daɗi ba, shi ya sa nake ce musu 'yan hotuna kawai.

Abin da mafi yawan masu amfani da su ba su sani ba shi ne, ba hotuna ba ne. Tagar umarni ba hoto ake aika mata ba, lambobin haruffa ake aika mata. Kowane harafi a duniyar kwamfuta yana da lambarsa a babban kundin da ake kira Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991. Lambar ƙ ita ce U+0199, kuma ƙ take nufi a Gusau, ita take nufi a Tokyo. Amma a cikin kundin an ware wani fili, daga U+E000 zuwa U+F8FF, gurbi 6,400, aka ce wannan na amfanin kai ne, kowa ya sa abin da ya ga dama, ba wanda zai tsaya masa. Kamfanin Apple, alal misali, ya ajiye tambarinsa a gurbin ƙarshe na filin. Shi ya sa tambarin ke fitowa a iPhone, idan aka tura wa mai wata wayar kuma sai ya ga akwati.

A wannan fili ne wani shiri mai suna Nerd Fonts, wanda Ryan McIntyre ya fara, ya zuba dubban 'yan hotuna. Yakan ɗauki zubin haruffa na yau da kullum, abin da masu buga takardu ke kira font, ya cusa masa hotunan a waɗannan gurabe. To idan lsd ta so nuna hoton folda, lambar gurbin kawai take aikawa, tana fatan mai allon ya sauke irin wannan zubi kuma ya zaɓe shi. In ya yi, ya ga folda. In bai yi ba, ya ga akwati, ko alamar tambaya, ko wani harafin da ba shi da alaƙa da komai.

Nan ne gizo ke saƙar. Manhajar ba ta da hanyar sanin zubin haruffan da allon ke amfani da shi. Zaɓin da ake kira `auto`, wanda mutane ke ɗauka yana nufin manhajar za ta duba ta ga ko hotunan za su fito, ba wannan yake dubawa ba. Abin da yake dubawa kawai shi ne ko ana aika rubutun zuwa allo ne ko zuwa cikin fayil ko wata manhajar. In allo ne, sai ta zuba hotunan, ko za su karantu ko ba za su karantu ba. Wato dai manhajar caca take yi, kuma wanda ke biyan asarar idan ta faɗi shi ne wanda ya fi kowa ƙarancin sanin abin da ya faru.

Mu masu rubuta Hausa bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba, domin ciwon da muka daɗe muna jinya ne. Tun da aka karɓi haruffa masu lanƙwasa a rubutun boko a shekarun 1930 muke fama da na'urorin da ba su san da su ba, daga tafireta zuwa kwamfuta. A shekarun 1990, kafin Unicode ya bazu, an samar da zubin haruffa na Hausa irin su Rabi'at da Abdalla, aikin Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, kuma sun yi wa marubuta da maɗaba'u rana ƙwarai. Dabarar zamanin ita ce a ari gurbin wata alama da Hausa ba ta buƙata a zana harafinmu a kai. Muddin zubin na cikin kwamfutar, komai lafiya. Ranar da aka buɗe takardar a inda babu shi, sai ka ga "}asa" a madadin ƙasa, "]aya" a madadin ɗaya, "za~e" a madadin zaɓe. Wani tsarin kuma q da x da v ya ara, shi ya sa har gobe ake cin karo da kundayen digiri a intanet cike da "qasa" da "xaya" da "zave". Mai neman kalmar "ƙasa" a irin waɗannan takardu ba zai same ta ba, domin a wurin kwamfuta ba a taɓa rubuta ta a ciki ba.

Waɗanda suka yi wancan aro larura ce ta sa su, babu wata hanya a lokacin. 'Yan hotunan tagar umarni dabara ɗaya suke bi, ma'anar tana cikin zubin haruffan maimakon cikin rubutun, sai dai su babu larurar da ta tilasta. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Mun yi shekaru muna fafutukar fita daga wannan rami, har muka kai inda mutum zai rubuta ƙ a wayarsa ta isa ko'ina tana ƙ. Ina ganin wauta ne mu dawo da hannunmu mu ɗora tsarin aiki a kan irin wannan aro don ado kawai.

Har yanzu ma ba mu gama fita ba. A kundin Unicode, ƙ da ƴ suna wani sashe na ƙarin haruffan Latin, amma ƙananan ɓ da ɗ suna can cikin sashen alamomin masana furuci. Masu zana haruffa da dama ba sa leƙa wannan sashe, shi ya sa za ka ga zubin da ke da ƙ amma babu ɗ, kwamfuta ta aro ɗ daga wani zubin, ta fito a karkace a tsakiyar kalma kamar baƙo a taron dangi. Cusa hotuna a cikin zubi ba ya ƙara masa waɗannan haruffa. Mutum na iya sauke zubin da ke ɗauke da tambarin kowane yaren shirya manhaja, amma babu harafin farko na kalmar "ɗalibi". Idan za a ce wa matashi a Anka ya kashe datarsa a kan zubin haruffa, tambayar farko da ta dace ita ce ko zai rubuta sunan Ɗanjuma daidai.

Akwai wani labarin da ya ƙara nuna raunin abin. Kafin fitowa ta 3.0 a 2023, wani rukuni na hotunan Nerd Fonts ya yi yawa har ya tsallake iyakar filin amfanin kai, ya hau kan gurabe masu mai su, ciki har da na wasu haruffan Sinanci da wani sashe na siffofin haruffan Larabci. Gaskiya ne ba da wannan sashe ake rubuta Larabci ko ajami na yau da kullum ba, tsofaffin tsare-tsare ne suka fi amfani da shi. Duk da haka, ado ne ya hau kan rubutun mutane. Masu shirin sun yi abin da ya dace, suka kwashe hotunan suka mayar wani filin. Sakamakon gyaran kuma shi ne, waɗanda suka sabunta zubinsu suka bar tsohuwar manhaja, ko suka sabunta manhaja suka bar tsohon zubi, sai suka wayi gari da akwatuna. Har wanda ya bi duk ƙa'idar bai tsira ba. Harafin "a" kuwa lambarsa 97 tun shekarun 1960, kuma bai taɓa tashi daga nan ba.

Masu son hotunan suna da hujjoji, kuma ba zan ce duk na banza ba ne. Ta farko ita ce ido ya fi saurin kama hoto, a jeri mai suna ɗari mutum zai fi saurin rarrabe folda da fayil. Haka ne. Amma an daɗe da warware wannan ba tare da aro ba. Zaɓin `-F`, wanda `ls` da `tree` duk suna da shi, yana ɗora `/` a ƙarshen sunan folda da `*` a ƙarshen fayil ɗin da ake iya kunnawa. Sunan fayil kuma ya riga ya faɗi nau'insa, wanda ya ƙare da `.mp3` ba ya buƙatar hoton lasifika. A azuzuwan koyon aikin jarida an koya mana tsarin Claude Shannon na 1948, cewa duk saƙo yana bi ta wata kafa, kuma abin da ya shiga kafar ya gurɓata shi hayaniya ne. Maimaita saƙo yakan taimaka masa ya tsira daga hayaniya, amma maimaicin da shi kansa ke rikiɗewa ya zama hayaniya a rabin allunan da zai sauka, ban ga ribarsa ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi a wurinmu, wato hoto yana taimakon wanda karatunsa bai yi zurfi ba. Na yarda da wannan a waya, inda dattijon da bai yi boko ba ke gane maɓallin naɗar murya da hotonsa. Amma wanda ya zauna gaban tagar umarni ya riga ya iya karatu, tunda da rubutu yake ba da umarnin. Hotunan kuma ba na duniyarsa ba ne, yawancinsu tambarin kamfanoni da yarukan manhaja ne, ƙanana kamar ƙwayar gero, wasu ma sukan fi gurbinsu faɗi su rufe harafin farko na sunan. Makaho da ke amfani da manhajar karanta allo kuwa, babu wani tabbataccen suna da za a karanta masa, tunda gurbin ba shi da ma'ana a kundin.

Ta uku ita ce wadda ake jefo wa duk mai ƙorafi: kawai ka sauke zubin, minti biyu ne. Wannan "kawai" ɗin ita ta fi ba ni haushi, domin tana ɗauke da zaton cewa intanet kamar iska yake. Mutanen Zamfara sun san ba haka ba ne. A ranar 3 ga Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a faɗin jihar bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, a wani mataki na yaƙi da 'yan bindiga. Mako biyu aka ambata da farko. An buɗe Gusau a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa suka ci gaba da zama a rufe har wajen ƙarshen Nuwamba. A waɗannan watanni, duk abin da ke cikin kwamfutar mutum a Anka ko Bukkuyum shi ne iyakar abin da yake da shi. Ko a lokacin da layi ke buɗe, wanda ya san yankin ya san yadda ake fita neman sabis a kan tudu, da yadda ake kai kwamfuta caji wurin mai sola. Kayan aikin da ya dace da irin wannan wuri shi ne wanda ke karantuwa yadda ya zo.

Kuma sauke zubin sau ɗaya ba ya ƙare magana, domin zubin yana zaune ne a na'urar da ake kallo, ba a inda fayilolin suke ba. Wanda ya shiga wata kwamfuta daga nesa ta hanyar SSH, allon da ke gabansa ne ke buƙatar zubin, kuma duk lokacin da ya sauya allo sai a sake. Matasanmu da yawa da wayar Android suke fara koyon wannan ilimi, ta manhajar Termux, wadda sai an ajiye mata zubin a wani wuri na musamman da hannu. Mafi muni, ranar da kwamfutar Linux ta ƙi buɗe fuskarta ta yau da kullum, ta bar mutum da baƙin allo zalla, wannan allon ba ya ɗaukar alamomi fiye da 512, babu wurin dubban hotuna. Ranar da mutum ya fi buƙatar ganin fayilolinsa sarai don ya kwashe su, ranar ce kwalliyar ke zama akwatuna.

Sai batun fitar da jerin daga allo, wanda shi ne rabin amfaninsa. Idan aka aika jerin cikin fayil kai tsaye, zaɓin `auto` yakan cire hotunan, wannan an yi tunaninsa. Amma mutane ba haka suke yi ba, shafa rubutun suke yi da linzami su kwafa su liƙa a WhatsApp ko a rahoto. Lambobin hotunan na biye da su, sai su sauka a wayar wani a matsayin akwatuna, su sauka a takardar da aka buga a matsayin tabo. Wanda ya kwafi sunan fayil ya haɗa da hoton bai sani ba, kwamfuta za ta ce masa babu wannan fayil, alhali ga shi yana kallonsa. Tun farkon shekarun 1970, lokacin da aka shigar da dabarar Doug McIlroy ta haɗa ƙananan manhajoji a Unix ta yadda abin da wannan ta fitar waccan za ta karɓa, ƙarfin tagar umarni ya dogara ne ga tsabtar rubutun da ke gudana a tsakaninsu.

Kashe hotunan kuwa ba wuya. A lsd, wadda ke zuwa da su a kunne, ana buga `lsd --tree --icon never`. Wanda ke son ya huta gaba ɗaya sai ya buɗe fayil ɗin `~/.config/lsd/config.yaml` ya rubuta:

```
icons:
  when: never
```

Akwai kuma `--classic`, wanda ke cire hotuna da launi tare. Ita eza, a yi mata adalci, ba ta sa hotuna sai an nema, kuma `eza --tree --icons=never` yana tabbatar da hakan. Idan mutum na ganinsu a eza bai kuma tuna ya nema ba, to kusan kullum wani laƙabi ne da aka kwafo daga intanet aka ajiye a `.bashrc` ko `.zshrc`, irin wanda ni na tura Gummi. Buga `type ls` ko `alias` zai fallasa shi, sai a goge kalmar `--icons` daga layin. Tsohon `tree` ba ruwansa da hotuna tun asali. Idan layukan rassansa suka rikice a wani allo, `tree --charset=ascii` zai zana su da alamomin da kowace na'ura ta sani, a Windows kuma `tree /A /F` ke yin wannan.

Akwai ƙari ɗaya da ya shafe mu kai tsaye. A kwamfutar da ba a saita ta ga tsarin UTF-8 ba, `tree` kan nuna sunan da ke da ƙ da wasu lambobi, `\306\231`, a madadin harafin. Sunan bai lalace ba, manhajar ce ke taka tsantsan da abin da ba ta tabbata allon zai iya nunawa ba. Gyara saitin harshen kwamfutar ya fi, `tree -N` kuma yana sa ta fitar da harafin yadda yake. Na kawo wannan ne don a ga bambancin hali. Tsohuwar manhaja tana shakkar harafi na gaske har sai an ba ta tabbaci, sabuwa kuma tana zuba alamar da ba ta cikin kowace ƙa'ida ba tare da ta tambayi kowa ba.

Ba ina cewa masu rubuta waɗannan manhajoji sun yi mugunta ba. Kyauta suke bayar da aikinsu, kuma sun rubuta a takardun bayani cewa ana buƙatar zubin. Amma yadda manhaja ta zo daga gida hukunci ne a kan wanda aka ɗauka shi ne mai amfani na asali, kuma mutane ƙalilan ne ke sauya shi. Idan hotunan sun zo a kashe, mai sabuwar kwamfuta da intanet mai ƙarfi ya yi asarar minti ɗaya wajen kunnawa, kuma ya san abin da yake nema. Idan sun zo a kunne, wanda ba shi da zubin yana fuskantar alamar da ba ta faɗa masa komai ba, bai san sunan matsalar ba balle ya nemi maganinta. Akwati ba ya cewa ka rasa zubin haruffa, kama yake da ɓarna. A fagen launi an riga an samu fahimtar juna: tun 2017 akwai al'adar `NO_COLOR`, saiti guda da manhajoji masu yawa ke girmamawa su daina sa launi. Launi kuwa bai kai hotunan haɗari ba.

Inda na fi damuwa shi ne ajin koyarwa. Ana ta horar da matasa sana'ar kwamfuta a Arewa, daga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka ƙaddamar a 2023 zuwa ƙananan cibiyoyi masu zaman kansu. Mai koyarwa kan zo da allonsa da ya ƙawata, ɗalibai su kwafi tsarinsa saboda ya burge su, kowa ya koma gida da na'urar da ba irin ta malam ba. Wanda abin ya ƙi yi masa ba zai zargi tsarin ba, kansa zai zarga, ko tsohuwar kwamfutar da mahaifinsa ya sayar da amfanin gona ya saya masa. Na san haka domin ni ne malamin a wannan labarin, kuma ban yi tunanin allonsa ba ko sau ɗaya lokacin da nake tura fayil ɗin.

A daren nan, bayan na gane abin da ya faru, na ce masa ya buga `command ls -F` don ya tsallake laƙabin da na ɗora masa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya fara karanto mini sunayen ɗaya bayan ɗaya, anka, bukkuyum, gummi, kowanne da 'yar sandarsa a ƙarshe. Na ce ya shiga ta ambaliya ya ƙirga hotunan, suka cika. Washegari bai je shagon ba, ya nemi wani filash ɗin ya yi kwafi na uku, na kuma tura masa sabon fayil ɗin tsari wanda layi biyu ne kacal a cikinsa. Jerin ma'ajiyar yanzu a buge yake a takarda, ɗaya a wurina, ɗaya a Gummi, kuma duk wata muna kwatanta su ta waya.